ML350 tana ƙugi da bugu daga ƙasa: giyabos ne ko wani abu dabam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Mercedes ML350 4MATIC ƙirar 2009, 'yar Amurka, wata huɗu ke nan. Maleji na nuna 160,000. Ƙara iri uku take yi: ƙugi da ke tasowa in na kai gudun kilomita 60 yana ƙaruwa har 100, bugu gau-gau daga ƙasa in na taka totur da ƙarfi musamman a hawa, sai kuma dum guda ɗaya in na sauya daga D zuwa R. Wani bakanike ya ce giyabos ya tafi, wani ya ce bak-aksil ne. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna, kuma kada ka sayi komai. Ƙara uku ka lissafa, kowacce da lokacin da take zuwa, kuma da wuya abu ɗaya ya haifar da su duka. A irin wannan motar giyabos ne na ƙarshe da zan zarga. Shi in ya fara lalacewa ba da ƙugi yake fara magana ba: fizga yake yi wajen sauya giya, ko ya yi jinkirin shiga, ko inji ya yi ta ihu mota ba ta ja, ko ya maƙale a giya ɗaya. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Fara da malejin. Motar da aka kera don kasuwar Amurka da mil take lissafi, sai dai in an sauya a allon sitiyari. In mil ne, 160,000 ɗin nan ya haura kilomita 257,000. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin a irin wannan tafiya robobin ƙarƙashin mota, man aksil da kacar taransifa duk sun ci lokacinsu in ba a taɓa kula da su ba.

Yana da kyau ka san hanyar da ƙarfi ke bi a motarka. Daga injin V6 mai lita 3.5 yana shiga giyabos mai giya bakwai, wanda Mercedes ke kira 7G-Tronic, lambarsa 722.9. A bayan giyabos akwai akwatin raba ƙarfi, taransifa, wadda wasu bakanikai ke kira ogzilari. Ita ke raba ƙarfin rabi gaba rabi baya, kuma a wannan motar kullum tayoyi huɗu ne ke ja, babu maɓallin kashewa. A cikinta akwai kaca mai faɗi da ke kai ƙarfi zuwa farfelar gaba. Farfela biyu ke nan, aksil biyu, shaf huɗu, boris ɗin taya huɗu. Kowanne na iya yin ƙara, kuma jikin mota yana ɗaukar sauti ya kai shi wani wuri. Ƙarar aksil ɗin gaba tana iya zuwa maka kamar daga bayan kujera take. Shi ya sa tambayar "daga ina take fitowa" ba ta cika kai mutum ga gaskiya ba. Tambayar da ke aiki ita ce: me ƙarar take bi? Gudun inji, gudun taya, ko nauyin da aka ɗora wa mota da totur?

Wannan gwajin kai ma za ka iya, ba ya buƙatar sifana. Nemi titi mai santsi da babu cunkoso, kashe rediyo da iyakwandishan, rufe gilasai, ka kwashe duk wani tarkace daga but, har jak da safaya ka tabbatar an ɗaure su. Ka ɗauki mutum ɗaya ya zauna a baya, in ya yiwu ya rubuta gudun da kowace ƙara ke farawa da inda take ɓacewa.

Kai motar gudun 80, inda ƙugin ya fito sosai. Ka riƙe gudun nan, sai ka sauko da giya da maɓallan bayan sitiyari, daga ta shida zuwa ta biyar zuwa ta huɗu. Allurar inji za ta tashi amma gudun mota bai canza ba. In sautin ƙugin ya tashi tare da allura, ƙarar inji ce ko abin da inji ke juyawa: altaneta, fulin fambel, kwamfresan iyakwandishan, famfon sitiyari, ko famfon mai na cikin giyabos. Famfon sitiyarin wannan ƙirar ya yi suna wajen kuka in mai ya yi ƙasa ko matatar cikin tankinsa ta toshe, kuma za ka gane shi domin yana kuka ko mota na tsaye in ka murɗa sitiyari. In kuwa ƙugin bai damu da sauyin giya ba, to ka fitar da inji da mafi yawan cikin giyabos daga zargi. Abin da ke ƙugi yana daga taransifa ne zuwa taya.

Sai mataki na biyu. A gudun 80 ɗin, taka totur a hankali, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ka sake takawa. Bayan haka sa motar a N na 'yan daƙiƙu kaɗan, inji na aiki, ka bar ta ta gangara. Kada ka kashe inji, kada kuma ka mai da wannan al'ada. Abin da kake saurare shi ne ko ƙarar tana canzawa da nauyi. Taya da boris ɗin taya ba ruwansu da totur, ko ka taka ko ka ɗage ƙuginsu ɗaya ne. Haƙoran aksil da boris ɗin finiyon (ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa a cikin aksil) kuwa suna jin nauyi: za ka ji wani siririn kuka, wuuu, da ke fitowa in ka taka ya ɓace in ka ɗage, ko akasin haka. Kukan da ke fitowa lokacin ɗage ƙafa yawanci boris ɗin finiyon ne ya saki. Wanda ke fitowa lokacin takawa kuma a wani ƙayyadadden gudu ya fi nuna haƙoran sun ci ko zamansu ya goce.

Kaurin sautin ma yana faɗa maka wani abu. Taya mai lamba 255/50 R19 tana zagaya kusan sau 12 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 100. Farfela da finiyon suna juyawa kusan ninki huɗu na wannan. Don haka abin da ke tare da taya yana ba da sauti mai kauri, wuf-wuf-wuf ko gurnani irin na jirgin sama daga nesa, girgizarsa kuma ana jin ta a sitiyari ko kujera tana kaɗawa. Abin da ke tare da farfela sautinsa siriri ne, girgizarsa kuma ƙanana ce mai sauri, irin wadda ke sa madubin tsakiya ya dushe ko tafin ƙafa ya yi zir-zir a kan dandamali.

Yanzu a raba taya da boris, domin su biyun ne suka fi kama da ƙugin da ka kwatanta, kuma su ne mafi arha. A gudun 60 zuwa 70, inda babu mota kusa, karkata sitiyari a hankali hagu sannan dama, kamar mai kauce wa rami. Nauyin mota zai koma gefe ɗaya. In ƙugin ya ƙaru lokacin da ka karkata hagu ya ragu a dama, boris ne, kuma galibi na gefen dama, wanda nauyi ya hau. Na ce galibi, domin boris ɗin irin waɗannan motoci layi biyu ne a ciki, kuma in layin ciki ne ya ci yakan ba da amsa a juye. Kada a canza boris da wannan gwajin kaɗai. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, sannan a juya ta da hannu yayin da ɗaya hannun ke riƙe da sifirin. Boris da ya ci yana aiko da wani gurji-gurji ta cikin sifirin har yatsu su ji, ko da kunne bai ji komai ba. In motarka mai balan-balan ɗin iska ce maimakon sifirin, a ɗora hannu a kan ƙarfen da hob ke zaune a ciki. Boris na iya ƙugi wata da watanni ba tare da ya nuna rawa ba, saboda haka rashin rawa ba shaidar lafiya ba ne.

Taya kuwa ta fi kowa yaudarar mutane. Shafa tafin hannunka a kan ƙasan tayar, gaba da baya, musamman gefen ciki da ido ba ya gani. In ka ji tudu da kwari, ko haƙoran suna kama hannu ta fuska ɗaya kamar zarto, wannan tayar za ta yi ƙugi iri ɗaya sak da na boris. Shokazoba da ta mutu ko alaimen da ya goce ne ke jawo hakan. Alamarta ta biyu ita ce ƙarar tana canzawa da irin titi: ta yi yawa a sabuwar kwalta mai santsi, ta ɓuya a mai kaushi. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba, a sake fita. In ƙugin ya yi ƙaura, an kama ɓarawo. A ɗaure notin taya da ma'auni, 150 Nm, ba a hau kan sifana da ƙafa ba.

Tunda muna kan taya, karanta lambar da ke jikin duka huɗun. Motocin da aka shigo da su na hannu sau da yawa suna zuwa da tayoyi 'yan haɗe-haɗe, kuma mai faci zai ce maka ai duk rim 19 ne. Ba ɗaya ba ne. Taya 255/50 R19 tana zagaya kusan sau 432 a kilomita ɗaya, 255/55 R19 kuma kusan 417. In gaba na ɗauke da wannan baya na ɗauke da waccan, akwai saɓanin zagaye kusan 15 a kowace kilomita, kuma haƙoran cikin taransifa ne ke haɗiye shi ba hutu. Ko lamba ɗaya ce, bambancin cin milimita 3 yana ba da saɓanin zagaye uku da rabi a kilomita. ML tana jure wannan fiye da BMW X5, wadda taransifarta faifan kuloci ne a ciki kuma nan da nan take fara fizga, amma jurewa ba lafiya ba ce: mai yana zafi, kuma kwamfutar birki tana iya ɗauka wata taya na sulɓi ta riƙa taɓa birki. Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, in da hali kamfani ɗaya, cinsu kusa da juna, iska daidai da abin da aka rubuta a murfin tankin mai. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi tayar, ka duba su ma.

In taya da boris sun fita, sai a koma kan aksil, kuma a nan mai ne zai ba da shaida. Ga dokar da ba a karya ta: a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. In aka tsiyaye mai sannan notin zubawa ya ƙi kwancuwa, mota ta kwana a gareji. A tara man kowane wuri a farin kwano mai tsabta dabam, na aksil ɗin gaba, na baya, da na taransifa, a kai rana a duba. Laushin toka-toka kamar kwalli a kan maganaɗisun noti ba abin damuwa ba ne, cin yau da gobe ne. Ƙyalƙyali kamar an watsa garin azurfa a cikin man yana nufin boris ya fara ɓarewa. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce haƙori ne ya karye. Mai da ya koma kalar shayi da madara ruwa ne ya shiga, ko ta bututun numfashin aksil lokacin da aka ratsa ruwan damina, ko kuma motar tun can ambaliya ta taɓa cinye ta kafin a yi gwanjonta. In ka ga haka, ɗaga kafet ka duba laka da tsatsa a ƙasan kujeru, ka sa a binciki tarihin motar da lambar shasi. A kuma auna yawan man da ya fito. Kowane aksil lita ɗaya da ɗan abu yake ci, taransifa kuwa wajen rabin lita kacal. Abin da ke cin rabin lita, in sil ɗinsa ya yi shekara biyu yana ɗiga, kusan a bushe yake tafiya.

Don a san aksil ɗin gaba ne ko na baya, a ɗora motar a lif, tayoyi huɗu duka a sama, mutum ɗaya a ciki ya kai ta gudun da ƙarar ke fitowa, bakanike kuma ya ɗora doguwar sukundireba ko abin sauraro a jikin kowane akwati, kusa da inda farfela ke shiga da inda shaf ke fita. Kwamfutar birki za ta yi gardama in ba a sa motar a yanayin gwaji ba, wanda ya san Mercedes ya san yadda ake yi. Kada a taɓa ɗaga gaba kaɗai ko baya kaɗai da jak a sa giya. Mota ce mai ja da ƙafa huɗu, za ta sauko ta bi ta kan wanda ke gabanta. Wanda ke ƙasa kuma ya tattare riga, ya nisanci farfela.

Bari mu zo kan bugun gau-gau, wanda shi ne ya fi damuna a cikin ukun. Bugu mai ƙarfi, a jere, daga ƙarƙashin kujerun gaba, wanda ba ya zuwa sai an taka totur sosai daga tsaye ko a hawa, kuma yana ɓacewa da zarar an sassauta ƙafa: wannan a ML ta wannan ƙirar, da 'yan'uwanta GL da R, kusan sa hannun kacar taransifa ne. Kacar tana miƙewa da tsufa da ƙarancin mai. In ta saki, ƙaramin nauyi ba ya nuna komai, amma in inji ya turo ƙarfinsa duka sai ta tsallake haƙori, kamar yadda kacar keke ke yi in mai shi ya miƙe tsaye a kan feda. Kowace tsallaka ita ce gau ɗin da kake ji. Da farko sai a hawa mai tsauri, daga baya ko tashi daga danja sai ta yi.

Ana tabbatarwa ta hanya biyu. A kan lif, a riƙe farfelar baya, a murɗa ta gaba da hannu hagu da dama: in akwai sako-sako mai yawa da ƙarar kaca tana dukan ciki, alama ce. Sannan man da aka tsiyaye, in akwai farin garin alminiyam a ciki, kacar ta fara gogar jikin akwatin ke nan. Gyaransa ba sai an sayi giyabos ba. Ana sauke taransifa, a buɗe, a sa sabuwar kaca da sababbin sil, a duba boris da haƙoran da kacar ke hawa. In haƙoran sun lanƙwashe ko sun yi tsini, sabuwar kaca ba za ta daɗe a kansu ba, a canza su tare. In ka zaɓi sayen taransifa ta hannu, ka sani shekarunta ɗaya da taka, a buɗe notin mai a duba kafin ka biya. Har zuwa lokacin gyara, ka tuƙa da sanyin ƙafa, kada ka ɗora kaya, kada ka yi doguwar tafiya. Kacar da ke tsalle tana iya tsinkewa ta fasa akwatin, kuma a nan ƙaramin aiki ya zama babba.

Za ka iya haɗuwa da mai ce maka a cire farfelar gaba kawai a huta, mota ta koma mai ja da baya. Kada ka yarda. Rabon ƙarfin wannan taransifar a buɗe yake, in aka cire farfela ɗaya ƙarfi zai gudu ta inda babu nauyi, kuma giyar P ba za ta riƙe motar a gangara ba. Don abin ya yi aiki sai an yi wa cikinta walda, daga nan kuma an kashe ta har abada, an ɗora wa aksil ɗin baya nauyin da aka tsara aksil biyu su raba.

Akwai abubuwa biyu da ke kwaikwayon wannan bugun, a duba su a lokaci ɗaya. Farfelar baya gida biyu ce, a tsakiya tana rataye da boris da ke cikin zoben roba. In robar ta yage, farfela tana dukan jikin mota lokacin tashi, tsakanin gudun 20 zuwa 40, da wata rawa a ƙarƙashin kujera. Tura farfelar sama da hannu kusa da wurin, in ta yi lilo ko ka ga tsaga a robar, ita ce. Duk wanda zai raba farfela gida biyu ya fara yi mata alama da fenti, domin an daidaita nauyinta a haɗe, in aka mayar da ita a juye za ka samu sabuwar girgiza da ba ka zo da ita ba. Na biyu shi ne joyin ɗin ciki na shaf. Shi ba ya bugu sosai, girgiza yake sa gaban mota gefe da gefe in ana taka totur, ta ɓace in an ɗage. Joyin ɗin waje kuwa kowa ya san shi: ƙwas-ƙwas-ƙwas in an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali. Leƙa bayan kowace taya, in robar shaf ta fashe za ka ga baƙin giris ya fantsama a zagaye a cikin rim.

Dum ɗin D zuwa R shi ne mafi sauƙi. Lokacin da ka sauya, duk layin daga inji zuwa taya yana murɗawa ta ɗaya fuskar, duk inda akwai sako-sako sai ya buga sau ɗaya. Wanda ake fara zargi shi ne injin-sit, wato matasan da inji ke zaune a kansu. Na Mercedes ruwa ne a cikinsu, in sun fashe sai inji ya zauna ƙarfe kan ƙarfe. Buɗe bonet, mutum ɗaya ya taka fedar birkin fakin ya danne birkin ƙafa sosai, ya sa D ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu, sannan R haka. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. In inji ya yi tsalle ta gefe ɗaya ya faɗo, an samu. Wata alamar ita ce karkarwa a sitiyari in kana tsaye a D da iyakwandishan a kunne, wadda ke raguwa in ka koma N, da kuma tabon baƙin ruwa da ya bushe a jikin sit ɗin. A canza biyun tare da na giyabos, kuma a sayi masu kyau, domin na roba zalla marasa ruwa suna shigo da karkarwar inji cikin mota. In sit lafiya suke, a sa ƙarfe a ɗan bankare bushin ɗin da ke riƙe da aksil na gaba da na baya a ga ko sun tsage. Kacar da ta saki ma tana ƙara wa wannan dum ɗin, don haka kada ka yi mamaki in ya ragu bayan gyaran taransifa.

Duk da na ce giyabos ne na ƙarshe, ba na ce a ƙyale shi ba. A sa motar a kwamfutar da ke shiga ƙwaƙwalwar giyabos, irin Star ko Xentry, domin ƙaramar na'urar da ake sokawa ta karanta inji kawai ba ta ganin komai a can. Lambobi irin 0717, 0718, 2767 da 2768 suna nuna na'urorin auna gudu da ke kan farantin lantarkin cikin giyabos, ciwon da 722.9 ya shahara da shi, kuma ana gyara farantin ba tare da an canza giyabos ba. In kana jin wata karkarwa tsakanin gudun 50 da 80 da ɗan totur kaɗan, kamar ka hau kan ƙananan kunyoyin rage gudu, kulocin cikin kwambata (abin da ke haɗa inji da giyabos) ne ke sulɓi, kuma sau da yawa tsohon mai ne sila. Amma kwayil ko fulogi da ke yanke wuta yana ba da irin wannan karkarwar, saboda haka a duba lissafin yankewar wuta na kowace silinda kafin a taɓa giya.

In ba ka da shaidar yaushe aka canza man giya, a canza shi da matata da gasket. Motar 2009 jan mai take sha, mai lambar amincewa 236.14. Shuɗin mai 236.15 na giyabos ɗin da aka sabunta ne daga wajen tsakiyar 2010, ba a haɗa su kuma ba a musanya su. Tunda motar ta hannu ce kuma mai yiwuwa an taɓa canza mata giyabos, a duba kalar abin da ya fito da lambar jikin giyabos ɗin. Wannan giyabos ba shi da sandar awo. Daga ƙasa ake tura mai da famfo, a daidaita shi inji na aiki lokacin da zafin man ya kai digiri 45 a kwamfuta. Wanda ya cika da ido, ko dai ya yi ƙasa giya ta riƙa sulɓi, ko ya yi yawa mai ya yi kumfa. Gaba ɗaya yana cin wajen lita tara, amma sauke kaskon mai na ƙasan giyabos kaɗai ba ya fitar da duka. A zafinmu da ƙurarmu da cunkoso, kowace kilomita 60,000 ta isa, kuma a haɗa da man taransifa da na aksil biyu, wanda na aksil shi ne 75W-85 mai amincewar Mercedes.

In bincike ya kai ga dole sai an sayi wani babban abu na hannu, akwai tarko biyu. Ƙwaƙwalwar giyabos 722.9 a ɗaure take da motar da ta fito, haka ma na'urar sauya giya da ke manne a gefensa. In aka ɗora na wata mota haka nan, ba za ta shiga giya ba sai an mayar da naka farantin lantarkin ko an yi masa saiti da kwamfuta, don haka a yi wannan magana da mai sayarwa kafin kuɗi su fita. Aksil kuma dole lissafin haƙoransa ya zo daidai da na ɗaya gefen. Na ML mai dizal da na mai fetur a ido kamar ɗaya suke, amma lissafinsu ya bambanta, kuma in gaba da baya suka saɓa, taransifa ce za ta biya cikin 'yan kwanaki. A gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon, harafi da harafi.

Ga yadda zan jera aikin in motar tana gabana. Ranar farko gwajin titi, karanta tayoyi da juya su, da kwamfuta. Rana ta biyu lif: jijjiga tayoyi, duba robobin shaf da na farfela da injin-sit, sannan tsiyaye mai uku a kwano uku. A gyara abu ɗaya, a fita a saurara, sannan a taɓa na gaba, domin in aka canza abu huɗu rana ɗaya ba wanda zai san wanne ne ya yi magani, kuma in sabuwar ƙara ta fito ba a san inda ta shigo ba. Taransifa ce farko saboda ita ce ke iya fashewa, sai boris in an same shi da rawa, domin wannan maganar tsaron rai ce. Injin-sit da kukan aksil mara ƙarfe a mai za su iya jiran wata mai zuwa. In za a kai motar wani gari wajen gyara, a ɗora ta a kan babbar mota tayoyi huɗu a sama, kada a ja ta da igiya ko a ɗaga gaba a bar baya na birgima.

Ka ce wa duk bakaniken da zai yi aikin ya ajiye maka kwanonin man da tsofaffin kayan da ya cire, ka gani da idonka. In kacar ce, ɗora tsohuwar kusa da sabuwa a kan benci ka riƙe su a kwance ta gefe: tsohuwar za ta lanƙwaso ƙasa kamar baka, sabuwar kuwa kusan a miƙe za ta tsaya.